Labaran Ba Ya Cire Hula

"Ke, juyo in gani! Kai, wagga tsaga korar mani Turawa za ta yi. Aje tire, tafi gida."

Haka Manaja Maiwada yake yi kowace safiya a gidan abincin ma'aikatan dam ɗin Bakolori. Sai ya jera mata yana dubawa kamar mai sayen akuya a kasuwar Mafara. Maza kuwa, ko fuskarka ta yi kama da gonar da aka yi wa huɗa, sa farar riga da hula, wuce abinka.

Labaran ya wuce da tirensa, kai a sunkuye. Shi ma tsagar ce fal kumatunsa, amma wa ya kula? Tun da ruwan dam ya cinye gonarsu, aikin nan kaɗai ke ciyar da tsohuwarsa a ƙauye. Sai dai ba ya hira. In maza suka yi sahu, ya zagaya bayan injin wuta ya yi sallarsa shi kaɗai. In mata na dariya a kicin, ya ɗan tsaya bakin ƙofa, sannan ya wuce.

"Ku dubi Labaran," in ji Manaja. "Yaro tsaf-tsaf! Irinshi nika so."

Da la'asar ya koma ɗakin hayarsa, ya sa sakata, ya cire hula, ya kwance zanen da ke ɗaure a ƙirji.

"Sannu da aiki, Nagode," ta kira sunanta na gaskiya a gaban madubi, tana shafa kanta da ta aske.

Fuskar nan ce dai Manaja ya kora bara, ranar da ta zo da ɗankwali.