Kajin Jalilu Ba Su Kai Ga Wuƙa Ba

Jama'a, in kun san unguwar Maamobi kun san Jalilu. Babur yake tuƙawa, amma gardama ce ainihin sana'arsa. Ko kwandastan trotro, motar haya, ba ya iya masa.

Wata rana a majalisar shayi ya ga wata gona a waya: kaji dubbai cikin keji, a cushe kamar fasinjojin motar unguwar Madina da safe. Shi ke nan, ido ya buɗe. Ya sayar da babur, ya sayo 'yan tsaki, ya jera keji bisa keji a ɗakin bayan gidansu. Taga ɗaya, fanka ɗaya. A lissafinsa, kafin Sallah ya zama Alhaji.

Da kajin suka girma, yayarsa Rashidatu, mai sayar da shinkafa da wake, ta leƙa ta toshe hanci.

"Jalilu, waɗannan ta ina suke juyawa?"

"Su juya su je ina, Yaya? Makaranta za su?"

"Tambaya nake. Ba sa shan wahala?"

"Wahala ita ce talaka ya shekara bai ga cinya ba. Da irin wannan kiwon ne nama ya yi arha. Ke kazar da kike soyawa, a otal ta girma?"

Rashidatu ta yi dariya. "Nan ka kama ni. Mai arha nake saye."

"To kin gani! Kuma kaza ba ta san komai ba. Ƙarshenta yanka, a ce Bismillah, halal, an gama."

"Yauwa. To me ya sa ran Layya kake ɓoye wuƙa a bayanka kada rago ya gani? Har ruwa kake ba shi."

"Wannan ai addini ne."

"Addinin daga bakin wuƙa yake farawa? Kafin nan dabbar ba ta da haƙƙi?"

Tambayar ta bi Jalilu har majalisa. Da ya dawo, ya tsaya a ƙofar ɗakin kajin yana kallon wata kaza tana haki, baki buɗe, yana tunanin me take ji. Har ya yi niyyar rage su, sai ya ce a ransa, bari Sallah ta wuce.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, da tsakar rana, aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Kwanon rufi ya ɗau zafi kamar kaskon suya.

Jalilu ya dawo daga masallaci ya ji ɗakin tsit. Ya zari wuƙa ya faɗa ciki yana "Bismillah! Bismillah!" Amma bai bar hanyar da zai bi ya kai kejin baya ba. Kafin ya janye na gaba, sauran sun sandare. Mushe. Ba a ci, ba a sayarwa. 'Yan kaɗan ya samu ya yanka.

Ran Sallah yana zaune a ƙofar gida, babu kaji, babu babur, yana kallon mai keken shara yana kwasar ragowar buhunan mushen kajin. Rashidatu ta ajiye masa kwanon abinci. Shi kuwa, karo na farko, ya ja kwanon ba gardama.

Jama'a, son nama mai arha ba laifi ba ne. Amma kada tambayarmu ta tsaya kan yadda aka yanka dabba. Mu tambayi yadda ta rayu, don tausayin da ake mata a bakin wuƙa tun tana numfashi take buƙatarsa.