Maɓallin Wuyan Baba

Tela ya shigo falon su Auta da maganarsa a baki: ya samu aiki a gari mai nisa, yana so a ɗaura musu aure da Auta kafin ƙarshen wata, su tafi tare.

Ya tarar da falon tsit. Baban Auta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye wata bakwai da suka wuce, yana fama da maɓallin wuyan rigarsa, yatsunsa na rawa. Mama da Auta sun zuba masa ido, kowacce ta harɗe hannuwa.

Hannun tela bai saba ganin maɓalli a buɗe ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, kafin ƙiftawar ido ya saka masa shi.

Baba ya dubi yatsunsa, ya kau da kai. Mama ta tashi ta fita.

"Sati uku yana fama da maɓallin nan," in ji Auta a hankali. "Likita ya ce kada mu taɓa. Yau saura ƙiris."

"Wallahi ban sani ba, tausayi ne..."

"Na sani. Na kuma san abin da ya kawo ka, yayarka ta gaya min."

"To ki ce wani abu mana, Auta."

Ta ɗago ido cike da ƙwalla. "Minti ɗaya ka kasa jira. Ni kuwa ban san shekara nawa zan roƙe ka ka jira ni ba. Allah ya ba da sa'a."

A bakin ƙofa ya waiwaya. Auta ta durƙusa gaban babanta, ta ɓalle maɓallin, ta mayar da hannuwanta baya.