Gashin da Ke Rigar Auta

"Likita, ki taimake ni," in ji uwar Auta, tana riƙe da igiyar Duna, karensu. "'Yan sanda sun tsare min ɗa, wai gashin karyar da ke gadin gidan da aka fasa ne a rigarsa. Ga nasa karen, a ƙafarsa yake kwana!"

Likitar dabbobin ta tsinki gashin Duna, ta yi mata bayani a hankali: gwajin yana bin gadon da kare ke samu daga uwarsa kaɗai.

Ranar sakamako, uwar Auta ta taho da takalman ɗanta a leda, waɗanda zai saka ya koma gida.

"Gashin Duna ya yi daidai da na rigar, Mama," in ji likita.

"Alhamdulillahi! To, a sako min shi."

Likita ta sunkuyar da kai. "Ya kuma yi daidai da na karyar. Daga waje aka kawo ta, babu mai tsatsonta a garin nan. Kwikwiyo ɗaya ta taɓa haifa, bara aka haura katanga aka sace shi."

Uwar Auta ta dubi Duna, wanda ɗanta ya ce a bola ya tsinta. Da hannunta ta jawo shi nan.