Hasken da Aka Ajiye wa Tsohuwa

Kawu, ka tambaye ni dalilin da ya sa kullum da safe nake jona wannan batiri a wuta, alhali shagon a rufe yake. Bari in ba ka misali. Kai ne babba, za ka fi ni gane shi.

A wani gari an yi masu ɗaukar hoto biyu a layi ɗaya. Kowannensu yana da fitilun aiki, irin masu lemar nan da ke tausasa haske, kuma kowanne yana da batirin tafi-da-gidanka, wani baƙin akwati mai maɗauri, nauyinsa kamar na bulo, wanda ake ratayawa a kafaɗa a kai fitila inda babu wuta. Na farko mutumin mutane ne. Da an ɗauke wuta sai ya fito da batirinsa bakin shago ya jona fanka, 'yan majalisa su jera wayoyinsu a kansa kamar 'yan tsaki a kan tsaba, ana ta sa masa albarka. Na biyu kuwa, kafin ya karya kumallo sai ya cika nasa, ya goge shi da tsumma, ya tura shi ƙarƙashin tebur inda rana ba ta kaiwa. Ko zafi ya kai ina, gumi na gangaro masa har gwiwar hannu, da kwali yake fifita. Har suna suka sa masa, wai mai gadin akwati. In an matsa masa, abin da yake faɗi bai wuce wannan ba: "Wutar nan ba tawa ba ce. Ta fuskar wani ce da bai zo ba tukuna."

To, a bayan garin akwai wata tsohuwa mai saƙar faifai, wadda tun da take ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita, har ta kai ko bakin ƙofa ba a iya fitowa da ita. Jikarta na da tsohon ciki, ita kuma tsohuwa ta saurari jikinta ta san ba za ta ga abin da za a haifa ba. Sai ta ce a ɗauke ta hoto, ko ba komai yaron ya san inda ya samo hancinsa. Ɗakin na ƙasa ne, tagarsa ɗaya kamar tafin hannu, unguwar kuma ta kwana biyu babu wuta. Mutanen gidan suka gwada da waya, hoton ya fito kamar an zana ta da toka.

Aka kira na farko, don shi kowa ya sani. Ya zo ya kafa fitila, ya danna batiri, ko ƙyaftawa bai yi ba. Fanka da wayoyin majalisa sun shanye shi tun jiya. Ya aika aka kawo janareta. Ana tayar da shi a tsakar gida hayaƙi ya bi ƙofa, tari ya sarƙe tsohuwa har mata suka fara salati. Dole aka kashe. Ya tattara kayansa ya fita, kansa a ƙasa.

Sannan wani ya tuna da mai gadin akwati.

Ya zo da hantsi, batiri a kafaɗa, ya cire takalmi ya yi sallama. Bai nemi komai ba sai wurin da zai tsuguna. Ya buɗe lema, ya juya fitila ga bango don kada ta soki idon mara lafiya, ya kunna. Babu ƙara, babu hayaƙi. Haske kawai ya cika ɗakin a hankali, kamar yadda nono ke cika ƙwarya, har faya-fayen da ke rataye a bango suka nuna launinsu, ja da kore da ruwan ɗorawa. Tsohuwa ta ce a miƙo mata kwalli da ɗankwalinta na sallah. Bai gaggauta ta ba, don ya san abin da ke cikin akwatinsa zai kai. Ta gama shiri, numfashi ya dawo mata, ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kada ka mai da ni yarinya. Tsufan nan da wahala na same shi." Aka yi dariya, ita ma ta yi, a cikin dariyar nan ya ɗauka.

Ba ta kai Juma'a ba. Da aka haihu, mace ce, aka mayar mata da sunan tsohuwa. Yau yarinyar tana tafiya, in an ce mata ina mai sunanki, sai ta ɗaga yatsa ta nuna bango, inda wata tsohuwa ke dariya da kwalli a ido, kowane layi na fuskarta a fili.

Kawu, mai gadin akwatin nan ɗan ƙanwarka ne, yayana, Allah ya haskaka kabarinsa. Ranar da muka kai shi, jikar tsohuwar nan ta zo gaisuwa da hoton a cikin mayafinta, ta nuna wa duk wanda ya zauna kusa da ita. Ban ji kunyar sunan da suka sa masa ba, ranar ma na ji ina ma nawa ne. Hannuna bai kai nasa ba tukuna, amma in an ƙwanƙwasa ƙofar nan gobe ana neman haske, ba za a tarar da akwatinsa da yunwa ba. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.