Hular Rodion

Taisiya na ƙarasa saƙar hular ke nan iska ta fara dukan bangon tashar auna yanayi.

A tsibirin nan igiya ce ke kai mutum daga ƙofa zuwa akwatin ma'aunin sanyi, daga nan ta ƙare. Ma'aunin iska yana can gaba a kan tudu, kuma in guguwar ƙanƙara ta taso ko tafin hannunka ba ka gani. Shi ya sa aka rataye guntun ƙarfen dogo a bakin ƙofa. Wanda ya fita, sai a yi ta buga masa, ya bi ƙarar ya dawo. Bugun nan aikin mai girki ne.

Rodion Fomich, shugaban tashar, da iska ya yi suna. Shekarun baya an yi guguwar da ba a taɓa auna irinta a tsibirin ba, har aka sa hotonsa a jarida. Amma ba shi ya fita ba, ma'aikacinsa Kesha ya tura. Kesha na faɗo lambar ƙarfin iskar ta wayar da ke jikin ma'aunin, Rodion ya ce a daina buga ƙarfe, wai yana hana shi jin hedikwata a rediyo. Ba a ga gawar Kesha ba, sai safar hannunsa ɗaya, shuɗiya mai jan zane kamar ƙafar tsuntsu. Gleb bakanike ya kafe ta a bangon ɗakin cin abinci, ya ce wanda ya isa ya cire.

Bayan wannan Taisiya ta zo aikin girki, kuma ita ta roƙi a turo ta, wurin da kowa ke gudu. Kullum bangon nan take juya wa baya in za ta zauna. Tsokar da ta fi kyau kuwa kwanon Rodion take shiga.

"Inna, wannan hidima ta yi yawa," in ji Gleb. "Har da hula? Aure za a yi?"

"Sha miyar kabejinka ka ƙyale ni. Mai sanƙo a wannan sanyi abin tausayi ne."

Kafin azahar kowa ya san guguwar ta fi ta wancan karon. Dole wani ya je tudu.

Gleb ya dubi safar, ya dubi shugaba. "Ranka ya daɗe, yau wa za a tura?"

"Kada ka fita, Fomich," in ji Taisiya a hankali. "Shekaru sun ja. Bar wa masu jini a jika, su ma a sa hotonsu a jarida."

Ai ko rufe baki ba ta yi ba ya jawo takalmansa. Ita da kanta ta sa masa hular, ta ɗaure a ƙasan haɓa tam.

"A dawo lafiya," ta ce.

"Me kika ce?"

Ta yi murmushi, ta buɗe masa ƙofa.

Can wayar ta yi ƙara, Rodion ya faɗo lambarsa daga tudu yana dariya. Taisiya ta ɗauki guduma. Ta buga ƙarfen nan har tafin hannunta ya fashe, jini ya daskare a ƙotar. Gleb ya ce ta kawo ya karɓe ta, ta ƙi. Duk tashar shaida ce, ko numfashi ɗaya ba ta tsaya ba.

Da iska ta kwanta aka same shi a zaune ya daskare, ya ba ƙofa baya, kusa ƙwarai, jifa ɗaya. Idanu suka koma kan Gleb da zargi. Aka duba igiya, lafiyarta lau.

Gleb ya cire wa mamacin hular, ya ji ta da nauyi. Ya kifa ta a kansa. A bakin ƙofa Taisiya ta ɗaga guduma ta buga sau ɗaya, yadda ake yi in za a shigo da gawa. Gleb ya ga ƙarfen yana lilo. Bai ji komai ba.

Ya juya cikin hular. Daidai kunnuwa an cusa ulu ninki kan ninki, an ɗinke, a gefe kuma ga jan zane kamar ƙafar tsuntsu.

Taisiya ta wuce shi, ta zare safar daga bango, ta sa a ƙirjinta.

"Ni kam na buga masa," ta ce. "Ɗana ba wanda ya buga masa."