Kan Ɗamarar Kaka da Tagwayensa

Tunda ka ce idonka ba ya kuskure wurin gane kaya, zauna ka ji misalin wani ɗan'uwanka. A wani gari na bakin Binuwai an yi wani mutum mai tara kayan sojan Jamus na zamanin da, tun lokacin da suke riƙe da ƙasar Kamaru. Yana da maɓallan riga cike da kwano, da wuƙaƙen bakin bindiga, da wata begila da ta lotse, da hular fata mai tsini a ka. In an kawo masa abu, sai ya juya shi sau biyu, ya shinshina, ya ce wannan na gaske ne, wancan kuwa jiya aka tono shi daga cikin kashin shanu don ya yi kamar ya tsufa. Yawanci yana dacewa, shi ya sa kansa ya yi girma har hula ta kusa ƙin shiga. A duk kayan nan babu abin da yake ƙauna kamar wani kan ɗamara na tagulla, wato abin da ake maƙale ɗamarar soja da shi, mai hoton kambi da rubutun Jamusanci, wanda kakansa ya ɗaura sa'ad da yake soja a ƙarƙashin Jamusawa.

Wata shekara masu gidan adana kayan tarihi na garin suka roƙe shi ya bar musu kan ɗamarar nan har abada. Hana su kunya ne, ba su kuma kamar cire haƙori. Sai ya tafi wurin wani gwanin maƙerin tagulla ya sa ya ƙera masa irinsa, da niyyar ya ba su sabon, ya gaya musu gaskiya, na kaka ya zauna a gida. Maƙeri ya yi aiki na ban mamaki, nauyi ɗaya, launi ɗaya, har da koren tsufa a cikin lungunan kambin. Mutumin ya yi murna, murnar kuma ta kai shi ga wauta. Ya tara abokansa a zaure, ya jefa biyun cikin hularsa, ya girgiza, ya ce wanda ya isa ya fitar da na ainihin. Kowa ya gwada ya kasa, shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Da aka ce to, gwani ya nuna, ya ɗauki wannan, ya ɗauki wancan, ya juya sau biyu, ya juya sau goma. Dariya ta koma wajen abokai, gumi ya tsaya wajensa.

Kwana uku ya rage a zo karɓa. Ya duba da gilashi, ya ɗora a sikeli, ya ƙidaya harufa, ya shinshina har hancinsa ya gaji. Ya koma wurin maƙeri, maƙeri ya duba, ya shafa gemu cikin jin daɗi, ya ce wallahi shi ma ba zai rantse ba, kuma wannan shi ne yabo mafi girma da aka taɓa yi wa hannunsa. Mutumin ya dawo gida zuciyarsa a jagule, don tsoro yake ji kada ya miƙa wa baƙi abin kakansa da hannunsa, ya zauna yana rungumar aikin makon jiya.

Ana gobe za a zo, sai ga gwaggonsa ta shigo gaisuwa, tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi yana, ba ta ko gane fuska sai murya. Ta ji yana ta ajiyar zuciya, ta matsa masa, ya faɗa mata cikin kunya. Ta ce ya sa mata su a tafin hannu. Ba ta kula da kambi ba, ba ta kula da rubutu ba, gefe ta bi da ɗan yatsa. Ta ajiye na farko. A na biyu yatsanta ya tsaya a kusurwar ƙasa, sai ta yi murmushi irin na wadda ta ji sallamar wanda ya daɗe a tafiya.

Ta ce, "Ga Baba nan. Babban yatsansa ya bari a wurin yaƙi, ba shi da farcen ɓare goro. Shekara arba'in da wannan kusurwa yake ɓarawa. Taɓa ka ji yadda ta siɗe."

Ya taɓa, ya ji kusurwar ta yi siriri, sumul kamar bakin tsohon cokali. Ɗayan kuwa kusurwarsa a cike take, domin maƙeri ya kwaikwayi abin da ido ke gani, ya bar abin da sai yatsa ke ji. Shekara da shekaru mutumin yana kallon fuskar abin yana karanta Jamusanci, bai taɓa shafa gefensa ba. Farin ciki ya kama shi har ya yi ƙwalla, ya aika aka kirawo abokan da suka yi masa dariya, da maƙerin, aka kawo farin goro. Gwaggo ta sa kusurwar a tsagar goron, ta murɗa, ya rabe gida biyu ɓas, ta bi kowa da ɓari tana yi wa gwanin gane kayan tsiya, shi kuma yana dariya ya fi kowa. Washegari ya kai wa masu gidan tarihi nasu, da takarda ɗauke da sunan maƙeri, na kaka kuma ya kwana a gida.

Don haka in an kawo maka tsohon abu, kada ka tsaya ga fuskarsa, nemi inda hannun mai shi ya ci. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.