Jarfar Tsohuwa a Masaukin Ruwan Zafi

Tunda ka ce kana jin nauyin a ga mahaifinka da tsagar fuskarsa a walimar wurin aikinku, zauna in ba ka misali tun raina bai gama ɓaci ba.

Wani mutum ne yake sayen tsofaffin motoci a ƙasar Japan yana turowa gida. Da Allah ya buɗa masa, sai ya aika aka kai masa mahaifiyarsa, tsohuwa mai fama da sanyin ƙashi. An gaya masa akwai wani masauki a gindin dutse inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tsofaffin garin suna jiƙa jikinsu a ciki su samu sauƙin gaɓoɓi. Har nan kam ya yi abin a sa masa albarka. To, tsohuwar nan tana da jarfa tun daga wuya har ƙirji, ta gangaro damtse zuwa bayan hannu. Tana budurwa wanzamin ƙauyensu ya yi mata da aska da baƙin tukunya, kuma a zamaninsu kwalliyar 'yar mutunci ke nan. Su kuwa mutanen can, zane a fata tambarin 'yan daba ne a idonsu, shi ya sa masaukai da yawa ba sa barin mai shi ya shiga wurin wankan jama'a. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da suka isa, matar da ke riƙe da masaukin ta tarbe su da ladabi, ta tambayi ɗan ko akwai mai zane a jiki, domin suna da ƙaramin ɗakin wanka a keɓe da suke ba irin waɗannan baƙi. Ka ga, an ma sauƙaƙa masa. Ga uwarsa tsaye lulluɓe da hijabi, macen da ko a gida ba ta yarda a ga kafaɗarta, wannan ɗakin ai shi ya fi dacewa da ita. Amma gogan naka ya gyara wuyan kwat ya ce babu. Kunya yake ji a ce uwarsa tana cikin waɗanda ake warewa. Da suka shiga ɗaki ya fito da filasta ya bi jarfar nan yana liƙewa, wai don kada zafin ruwan ya ƙone ta. Ta miƙa masa hannu tana sa masa albarka, don ɗanta ne, kuma shi ya san gari.

Al'adar wurin, ba a shiga ruwan sai an zauna kan 'yar kujera an wanke jiki tas. Tsohuwa ta shiga ɓangaren mata da ɗaurin ƙirji, tana ta sunne kai, ta raɓe a gefe ta fito da soson da ta zo da shi daga gida. Abin da ɗan ya manta ke nan: uwarsa ba ta san wankan shafa-shafa ba, dirza take yi. Ina filasta ina jure soso da tururi? Kafin ta gama cuɗa hannu ɗaya duk sun zube ƙasa. Matan da ke cikin ruwan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ja tawul ta fice. Aka kira mai masauki, ita kuma ta sa aka kira ɗan zuwa bakin ƙofa.

Nan ne abin da ke ƙona mini rai. Ya zo ya yi ta rusunawa kamar wanda aka kama da akuyar sata, yana nuna hannun uwarsa da yatsa, yana ce musu da yarensu 'yar ƙauye ce, ba ta san komai ba, shi kansa bai san tana da wannan abu ba. Bai sani ba! Hannun da ya yi masa tsarki, ƙirjin da ya tsotsa! Tsohuwa ba ta jin yaren, amma uwa ba ta bukatar tafinta kafin ta karanta fuskar ɗan da ta haifa. Ta dubi filastar da ke ƙasa, ta dubi yatsan, ta gane komai.

Baƙuwar ido ce ta rufa mata asiri. Mai masaukin ta yafa mata riga, ta kama hannun nan mai jarfa, ta kai ta ƙaramin ɗakin da kanta, ta buɗe mata bahon katako cike da ruwa yana tururi. Tsohuwa ta yi godiya, ta girgiza kai ta koma ɗaki. Da safe ta ce a mayar da ita gida. Ɗan ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, haka mutanen ƙasar nan suke." Ta ce, "Su ai ba su san ni ba, ɗan nan. Kai fa?"

Haka ta ƙetare duniya ta koma da ciwonta, ko yatsa ba ta tsoma a ruwan ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, naka shi ke ba da kai.